Abul Wafa, malamin da ya zauna da magina

'Yan uwa, a jami'a na fara jin sunan Abul Wafa Al-Buzjani. An haife shi a Buzjan ta Khurasan a 940, ya koma Bagadaza a 959. Da ya ga masu sana'a suna auna zanensu da kintace, sai ya zauna da su, ya rubuta musu littafi. Irin darasinsa: zana da'ira, ka bar kamfas yadda yake, ka taka bakinta sau shida. Ga siffa mai gefe shida, kowane gefe da mai fuskantarsa ba sa haɗuwa komai aka miƙa su. Ya rasu wajen 998, Allah Ya jiƙansa. To mu fa, karatunmu ya taɓa amfanar birkila?