WILLEM EINTHOVEN, MUTUMIN DA YA SA ZUCIYA TA YI RUBUTU

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Wannan magana gaskiya ce in ana zancen farin ciki ko ɓacin rai. Amma ita tsokar nan da ke cikin ƙirji, wadda ke harba jini dare da rana ba hutawa, ta kan ɓoye ciwonta har fuska ba ta sani ba. Sau da yawa a kan ga mutum garau da hantsi, kafin la'asar a ji ya yanke jiki ya faɗi. To, yau za mu ba masu karatu labarin wani mutumin ƙasar Holan, Willem Einthoven, wanda ya ƙare ƙarfinsa wajen neman hanyar da za a tambayi zuciya ita da kanta, har Allah Ya ba shi sa'a ya ƙago na'urar da ke sa ta rubuta labarinta bisa takarda.

ASALINSA DA ƘURUCIYARSA

An haife shi ran 21 ga watan Mayu, 1860, a birnin Semarang cikin tsibirin Jawa, ƙasar da yanzu a ke kira Indunisiya. A zamanin nan tsibirin yana hannun mutanen Holan. Ubansa likita ne, ya fara da aikin soja, daga baya ya zama likitan gari. Yaron yana da shekara shida uban ya rasu. Cikin 1870 uwar ta kwashi 'ya'yanta shida ta koma Holan, ta zauna a birnin Utrecht.

Da Willem ya isa shiga jami'a cikin 1878, sai ya zaɓi sana'ar ubansa. Da ya ke maraya ne, hukumar soja ce ta ɗauki nauyin karatunsa, bisa sharaɗin in ya gama zai tafi ƙasashen gabas ya yi mata aikin likita. Saurayi ne mai son wasannin motsa jiki, har wata rana ya karye a wuyan hannu. Wani da ya kwanta yana ta kukan ciwo, amma shi sai ya shiga lura da yadda hannu ke juyawa, ya bi abin sannu sannu har ya rubuta maƙala a kan yadda gwiwar hannu ke aiki. Tun daga nan malamansa suka gane irin halinsa, watau ba ya ganin abu ya wuce sai ya san dalilinsa, ya kuma auna shi.

Ya sami digirinsa cikin 1885. A daidai wannan lokaci kujerar shehun malami mai koyar da ilmin yadda gaɓoɓin jiki ke aiki ta zama ba kowa a Jami'ar Leiden. Babban malaminsa, Donders, ya tsaya masa, aka ba shi kujerar yana ɗan shekara 25. Sai ya mayar wa hukumar soja kuɗinta, ya fita daga sharaɗin nan. Cikin 1886 ya kama aiki, ya kuma auri wata 'yar'uwarsa, suka haifi 'ya'ya huɗu, mata uku da namiji guda. Bai sāke wurin aiki ba har ƙarshen ransa.

ABIN DA LIKITA KE DA SHI A DĀ

Kafin mu ci gaba, ya kamata mu duba abin da likita ke da shi a wancan zamani in mai ciwon zuciya ya zo masa. Yana da yatsunsa, ya kama jijiyar wuyan hannu ya ƙirga bugu. Yana kuma da bututun sauraron ƙirji, wanda wani likitan Faransa mai suna Laennec ya ƙago cikin 1816. Dukansu biyu sun dogara ga gwanintar mai yi. Likitoci biyu na iya sauraron ƙirji guda su saɓa, kuma abin da kunne ya ji ba ya ajiyuwa, balle a kwatanta na yau da na bara. Kowane ma'aikacin ofis ya san bambancin maganar baka da abin da aka shigar cikin littafi.

Masana sun riga sun gano cewa duk lokacin da zuciya za ta buga, wani ɗan lantarki ke fara ratsa ta, shi ne ke ba ta umurnin matsewa. Wannan lantarki ya kan bazu cikin jiki har ya iso fata, amma ya yi ƙanƙanta ainun. Cikin 1887 wani masani a Landan, Augustus Waller, ya fara kama shi daga jikin mutum. Ya yi aiki da wani siririn bututun gilashi mai zaiba a ciki, lantarki na zuwa zaibar na motsawa, ana ɗaukar hoton motsin. Cikin 1889 aka yi babban taron masana a birnin Basel na ƙasar Suwizalan, Waller ya nuna aikinsa. Einthoven na cikin masu kallo, abin kuwa ya shiga ransa.

SHEKARUN HAƘURI

Da ya koma Leiden sai ya duƙufa. Aibin zaiba shi ne nauyi. Lantarkin zuciya ya kan zo ya wuce kamar ƙiftawar ido, ita kuwa zaiba tana tafe tana jan jiki, saboda haka zanen da ta ke bayarwa ya kan fito a dagule. Einthoven ya zauna da alƙalami yana gyara kowane zane da lissafi, yana fitar da siffar da ya kamata a gani in da zaibar ba ta makara ba. Cikin 1895 ya bayyana cewa kowane bugu yana da tudu da kwari guda biyar, ya raɗa musu sunaye da haruffan P, Q, R, S da T. Har wa yau da waɗannan haruffa likitocin duniya duka ke kiransu.

Ga ma'anarsu a taƙaice. Zuciya tana da ɗakuna huɗu, biyu a sama, biyu a ƙasa. Ɗan tudun P shi ne lantarki na ratsa ɗakunan sama. Dogon tsinin da Q da R da S suka haɗu suka yi shi ne isowarsa manyan ɗakunan ƙasa, masu tura jini zuwa huhu da sauran jiki. T kuwa shi ne lokacin da ɗakunan ƙasa ke komawa su yi shirin bugu na gaba.

Amma gyara da lissafi aiki ne mai cin lokaci, ba zai yi wa asibiti amfani ba. Sai ya ƙudura a ransa ya ƙera abin da ba shi da nauyin da zai sa shi makara. Ya nemi wani irin farin dutse mai garau kamar gilashi, a narkar da shi a ja shi ya zama zare. Dabarar jan kuwa abin mamaki ce: a kan manna narkakken dutsen a gindin kibiya, a harba ta cikin ɗaki, sai ta ja shi ya zama zaren da ya fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba. Sa'an nan a shafe zaren da azurfa don lantarki ya iya bi ta kansa, a ɗaure shi tsakanin bakuna biyu na wani ƙaton maganaɗisu. In lantarkin zuciya ya bi ta zaren, sai ya karkata gefe. Ido ba ya ganin wannan motsi, don haka a kan haska fitila ta cikin madubin likita, inuwar zaren ta faɗa bisa farantin ɗaukar hoto da ke tafiya a hankali, ta bar zane.

Ya ba da labarin na'urar cikin 1901, ya buga zanen farko da ta yi cikin 1902, ya kuma kawo cikakken bayaninta cikin 1903. Da zanen ya fito, sai ga shi ya yi daidai da siffar da ya riga ya fitar da lissafi shekarun baya. Lalle mai haƙuri ya kan dafa dutse, shi kam har narkar da shi ya yi.

NA'URAR DA BA TA ƊAUKUWA

Kada mai karatu ya zaci wani ɗan akwati ne. Nauyinta ya kai wajen laba 600, watau kamar kilo 270. Ta cinye ɗakuna biyu, sai mutum biyar sun taru kafin ta yi aiki, kuma dole a riƙa zagaya maganaɗisun da ruwa don kada ya yi zafi. Wanda za a auna kuwa sai ya zauna ya tsoma hannuwansa da ƙafarsa ta hagu cikin bokitan ruwan gishiri, domin ta nan a ke ɗauko lantarkin.

Sai ga wata matsala. Na'ura tana ɗakin bincike, marasa lafiya suna asibiti, tsakaninsu kusan mil guda. Ita ba ta ɗaukuwa, su kuma ba su da ƙarfin zuwa. Sai Einthoven ya sa aka haɗa wuraren biyu da wayar tarho. Cikin watan Maris 1905 mutum ya zauna a asibiti, zuciyarsa ta yi rubutu a ɗakin binciken. Ta haka ya tara zane-zanen masu ciwo iri iri, ya buga su cikin 1906, ya nuna cewa zuciyar da ta kumbura, da mai tsallake bugu, da wadda saƙo ke tsayawa tsakanin ɗakunanta na sama da na ƙasa, kowacce da irin hannun rubutunta.

Wani muhimmin aikinsa kuma shi ne tsai da ma'auni. Ya ƙayyade hanyoyi uku na ɗaukar zane: daga hannun dama zuwa na hagu, daga hannun dama zuwa ƙafar hagu, da kuma daga hannun hagu zuwa ƙafar hagu. Ya ƙayyade tsawon da zane zai tashi in lantarki kaza ya shiga, da saurin tafiyar abin da a ke rubutu a kai. Kowa ya san irin rigimar da a kan yi a kasuwar da kowane mai awo ke da nasa mudu. Saboda wannan ƙa'ida tasa, zanen da aka ɗauka a wata ƙasa likitan wata ƙasa na iya karanta shi ba gardama.

YADDA TA SHIGA ASIBITI

Ba kowa ya gaskata da amfanin abin ba. Shi kansa Waller, wanda ya fara buɗe hanya, bai ɗauka na'urar za ta sami wuri sosai a asibitoci ba. Einthoven kuwa mutumin ɗakin bincike ne, ba ya zaman duba marasa lafiya. Wanda ya ɗauki aikin ya kai shi bakin gadon majiyyaci shi ne wani matashin likita a Landan, Thomas Lewis. Suka yi ta musayar wasiƙu shekara da shekaru. Lewis ya yi amfani da na'urar ya warware asirin cututtukan da ke rikita bugun zuciya, musamman wanda ɗakunan sama ke karkarwa maimakon su buga, ya kuma wallafa littafi a kan haka cikin 1911. Wani kamfani a Cambridge ta Ingila ya shiga ƙera ƙananan irinta yana sayar wa asibitoci. Cikin 1920 wani likitan Amurka, Harold Pardee, ya nuna alamar da ke fitowa a zane in jijiyar da ke ciyar da zuciya ta toshe. Wannan ita ce cutar da ke kā da mutum farat ɗaya, kuma gane ta da wuri ya kan zama sanadin tsira.

LADA DA RIƘON AMANA

Cikin watan Oktoba 1924, Einthoven yana Amurka yana zagayen ba da lacca, sai labari ya iske shi cewa an ba shi Kyautar Nobel ta fannin likitanci. Kuɗin kyautar ya kai wajen dala 40,000. A nan ne halinsa ya ƙara fitowa fili. Ya tuna da wani tsohon mataimakinsa mai suna Van de Woerd, gwanin aikin hannu, wanda suka sha wahalar ƙera na'urar tare. Ya nemi ya raba kuɗin da shi, sai ya tarar ya riga ya rasu, ya bar 'yan'uwa mata biyu cikin talauci. Einthoven ya raba kuɗin biyu ya ba su rabi. Da ya je Stockholm cikin 1925 ya yi jawabin karɓar kyautar, ya ambaci aikin Lewis da girmamawa, ya nuna cewa masana na ƙasashe da yawa ne suka taru suka kai abin inda ya kai. Ya san hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A ƙarshen rayuwarsa ya yi aiki tare da ɗansa, wanda ya zama injiniyan wayar iska. Suka gyara na'urar zaren nan har ta riƙa karɓar saƙonnin da a ke aikowa ta iska daga Jawa, tsibirin da aka haife shi. Ya rasu a Leiden a ƙarshen watan Satumba 1927, bayan doguwar jinya, yana da shekara 67. Aka binne shi a wani gari kusa da nan mai suna Oegstgeest.

ABIN DA YA BARI

Bayansa abin ya yi ta ci gaba. Na'urar ta yi ta ƙanƙancewa, bokitan ruwan gishiri suka ba da wuri ga 'yan ƙarafa da a ke mannawa a fata, hanyoyinsa uku aka ƙara musu tara suka zama 12. Wani Ba'amurke, Norman Holter, ya ƙago wadda mutum ke ratayawa ya yi harkarsa tana rubuta bugun zuciyarsa yini da kwana. Cikin 1958 a ƙasar Suwidin aka fara dasa wa mutum 'yar na'ura cikin jiki mai ba zuciya umurnin bugu in nata ya gaza. Cikin 2018 kamfanin Apple ya fito da agogon hannu mai ɗaukar irin wannan zane. Duk waɗannan a kan harsashin da ya kafa aka gina su, domin ba a gyara bugun da ba a iya karanta shi ba.

Saboda haka, duk wanda likita ya ce masa ya je a yi masa awon da a ke kira ECG, kada ya ji tsoro. Na'urar ba ta sa wa mutum lantarki, nasa ta ke saurare, kuma cikin 'yan mintoci an gama. Malaman makaranta kuma su ba almajiransu labarin marayan nan na Semarang. Wajen shekara goma sha biyu ya yi tsakanin ganin aikin Waller da fitowar tasa na'urar, yana awo yana sākewa, bai yarda da kusan daidai ba sai daidai. Da duniya ta zo yaba masa kuwa, bai manta da wanda ya riƙe masa guduma ba.