Mamman Shata: mai tallar goron da muryarsa ta shiga kowane zango

A nan Tamale, yaran zango da yawa Dagbanci da Turanci sun fi zama a bakinsu, Hausar sai ta gaisuwa da ciniki. Amma a sa waƙar Shata a gidan biki, za ka ga dattawa sun gyara zama, yaran kuma suna tambayar me wannan kalma take nufi. Ni malamin makaranta ne, na sha ganin haka. Shi ya sa na ga ya kamata a sake ba da labarin mutumin.

An haifi Alhaji Mamman Shata a 1923 a Musawa, cikin jihar Katsina ta yanzu a Najeriya. Gidansu ba gidan makaɗa ba ne. Mahaifinsa Ibrahim Yaro bai so ɗansa ya shiga waƙa ba, domin a lokacin roƙo ake ɗaukarta, sana'ar da ɗan mutunci ba ya yi sai in ya gada. Shata ya yi karatun allo, bai shiga boko ba. Da ya tasa sai ya kama tallar goro da alewa, yana waƙa a dandali don nishaɗi. Mu a nan abin ya shafe mu ta wata fuska: goron da Hausawa suka daɗe suna ci, ta kasuwar Salaga fatake suke ɗauko shi, kuma wannan fataucin na cikin abin da ya kafa zangunanmu.

Daga Musawa ya koma Bakori, ya yi ta yawo Katsina da Kano, kafin ya zauna Funtuwa, garin da ya zama gidansa. Kiɗansa kalangu ne, wanda a da aka fi sani da mahauta da wasan 'yan mata. Duk wanda ya saba da lunga ta makaɗan Dagomba zai gane shi nan take: ana matse shi a hammata, ana jan tsirkiya, yana bin hawa da saukar muryar magana. Shata ya ɗauki wannan kiɗa na kasuwa ya kai shi gaban sarakuna da gwamnoni.

Inda ya sha bamban da irin su Narambaɗa da Ɗanƙwairo shi ne ba shi da fada guda. Su makaɗan sarauta ne, shi kuwa ya yi wa sarki, ya yi wa direba, ya yi wa attajiri da soja da mata. Ba ya rubuta waƙa. Amshi kawai yake bai wa yaransa, sauran a tsaye yake ƙirƙirarsa, yana duban wanda ke wurin da abin da ya faru ranar. Saboda haka waƙa ɗaya takan fito kala-kala, ta gidan rediyo daban, ta wajen biki daban, kuma ba a iya ƙayyade yawan waƙoƙinsa ba. Bakandamiya ita ce kirarinsa na kansa. Da Amurka ta tura mutane duniyar wata a 1969, ya yi waƙar Kumbo Apollo 11. Lokacin yaƙin basasar Najeriya, daga 1967 zuwa 1970, ya yi wa sojoji waƙoƙi.

Ba waliyyi ba ne, bai kuma ce shi ne ba. Zambonsa na da zafi, wanda ya faɗa bakinsa ya ji jiki. Waƙarsa ta shan giya ta jawo masa suka daga malamai, alhali shi ɗin ne ya yi waƙar yabon Annabi da har yau ake saurare. A ganina masu son su share ɗaya su bar ɗaya ba su yi masa adalci ba. Ya taɓa siyasa ma, har ya shugabanci jam'iyyar SDP a Funtuwa, amma abin bai ɗore ba.

Abin da ya tsallakar da shi iyaka rediyo ne. Gidan Rediyon Kaduna, da aka buɗe a 1962, ana kama shi a gajeren zango nesa da Najeriya, ga faifan garmaho, daga baya ga kaset a motocin dogon zango. Bahaushen Maraɗi da na Kumasi da na Kwatano sun san baitukansa ba tare da sun taɓa ganinsa ba. Talabijin ma ta ɗauke shi, cikin babbar riga, makaɗa a bayansa, kuma waɗannan hotunan ne yanzu ke yawo a YouTube da WhatsApp, wasu sun dusashe, wasu an yanke rabi.

Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na dakta a 1988, gwamnatin Najeriya kuma ta ba shi lambar MON. Ya rasu a Kano a watan Yunin 1999 bayan jinya. A Daura aka binne shi, garin Sarki Muhammadu Bashar, ubangidansa da ya yi wa waƙa. Ibrahim Sheme da abokan aikinsa sun tattara tarihinsa a littafin Shata Ikon Allah.