Babban Gwani, Maginin Zazzau

Duk wanda ya zauna cikin birnin Zariya ba ya rasa jin sunan Muhammadu Durugu, wanda aka fi sani da Babban Gwani. Shi ne ya gina Masallacin Jumma'a na ƙofar fada a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Har wa yau akwai unguwa cikin birni mai amsa sunansa.

Gwaninta irin tasa ba a tashi da ita dare ɗaya. Matakan da kowane magini ke hawa, shi ma su ya hau. Da fari yaro ya kan koyi kwaɓa jar ƙasa da ciyawa, ya tattake, a bar ta kwanaki ta ruɓa. Sa'an nan ya koyi cura tubali, da jefa shi sama ga magini. In hannunsa ya faɗa, sai a ba shi yaɓe. Daga ƙarshe ya kai ga zane, watau ya tayar da siffa jikin bango da yatsunsa tun ƙasa tana ɗanya, a shafe da makuba don kada ruwa ya ci. Da ya ke malamai sun hana yin surar mai rai, sai hikimar maginanmu ta koma ga dagi da sauran zane-zane.

A masallacin nan Babban Gwani ya nuna iyakar wannan ilmi. Ya jera azara ta giginya, wadda gara ba ta ci, ya ɗaure ta cikin ƙasa, ya tanƙwaro bakan gizo daga ginshiƙai har suka haɗu a sama suka ɗauki rufi, ya kuma yi wa ginshiƙan ado. Tsofaffi sun ce da dare ya kan yi aikinsa. Ana kuma ba da labari wai da ya gama wa Sarkin Birnin Gwari masallaci, sai Sarkin ya sa aka kashe shi, don kada ya gina wa wani abin da ya fi wannan.

A shekarun 1970 aka lulluɓe tsohon masallacin da sabon gini na siminti, aka kuma gina kwatankwacinsa a gidan tarihi na Jos.

To, 'yan'uwa, mu da za mu fita koyarwa, sau nawa mu kan tsawata wa yaro don mun gan shi yana wasa da laka? Wanda ya iya alƙalami kada ya rena mai kwaɓa ƙasa. Icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi. In muka bar yara suka ƙyamaci aikin hannu, wa zai gyara abin da Babban Gwani ya bar mana? Allah ya jiƙansa, amin.