John Lions

John Lions (19 ga Janairu 1937 – 5 ga Disamba 1998) masanin kimiyyar kwamfuta ne ɗan ƙasar Ostireliya, kuma malami a Jami'ar New South Wales da ke birnin Sidni. An fi saninsa da littafin sharhi da ya rubuta a kan UNIX, wato babbar manhajar da ke tafiyar da dukkan ayyukan kwamfuta. Ya rubuta littafin ne domin ɗalibansa, amma daga baya dokar lasisi ta hana amfani da irinsa a aji, ya shafe kusan shekara ashirin yana yawo hannu da hannu ta hanyar fotokwafi kafin a buga shi bisa doka a 1996.

Farkon rayuwa da karatu

An haifi Lions a Sidni. Ya kammala digirinsa na farko a Jami'ar Sidni a 1959 da sakamako mai daraja ta ɗaya, sannan ya samu tallafin karatu zuwa Jami'ar Kambirij a Ingila, inda ya samu digirin digirgir a 1963. Bayan haka ya yi aiki da kamfanin KCS a Toronto ta ƙasar Kanada. A 1967 ya ɗan zauna a Jami'ar Dalhousie da ke Halifax, daga nan ya koma kamfanin Burroughs a Los Angeles ta Amurka. A 1972 ya dawo gida ya kama aikin koyarwa a matsayin babban malami a sashen kimiyyar kwamfuta na Jami'ar New South Wales.

Zuwan UNIX jami'a

Ken Thompson da Dennis Ritchie ne suka ƙirƙiro UNIX a cibiyar bincike ta Bell Labs, mallakar kamfanin tarho na AT&T. Wata yarjejeniya da kamfanin ya yi da gwamnatin Amurka a 1956 ta hana shi shiga kasuwancin da ba na sadarwa ba, don haka ya riƙa bai wa jami'o'i lasisin UNIX a kan kuɗi kaɗan. Tare da lasisin ana ba da tushen rubutun manhajar, wato umarnin da masu shirya ta suka rubuta da hannunsu kafin a mayar da shi yaren na'ura. Jami'ar New South Wales ta samu nata kwafin a 1975, shekarar da Bugu na Shida na UNIX ya fito.

A wancan lokaci akasarin darussan manyan manhajoji bayani ne kawai a kan allo, domin manhajojin kamfanoni sun yi girman da ɗalibi ba zai iya karance su ba, kuma masu su ba sa nuna tushensu. Bugu na Shida ya sha bamban. Zuciyarsa ba ta kai layi 10,000 ba, an rubuta mafi yawanta da yaren C, kuma tana aiki a kan kwamfutar PDP-11. Lions yana da ra'ayin cewa ɗalibi ba zai iya rubuta manhaja mai kyau ba sai ya karanta wadda gwanaye suka rubuta, kamar yadda mai koyon adabi yake fara karanta ayyukan magabata. Ya ga cewa wannan manhaja ce ɗalibi zai iya karantawa daga farko har ƙarshe a zangon karatu ɗaya.

Littafin sharhi

A 1976 Lions ya shirya takardun darasi, waɗanda suka zama littattafai biyu a 1977. Na farko tushen rubutun manhajar ne, an sa wa kowane layi lamba, tare da jadawalin da ke nuna inda kowane suna ya bayyana. Na biyu shi ne sharhin, mai suna A Commentary on the UNIX Operating System, wanda ke bin layukan yana bayyana abin da suke yi da dalilin yin su haka. Ya yi bayanin yadda kwamfuta ke tashi, yadda take raba lokacinta tsakanin ayyuka, yadda take ajiye fayiloli a faifai, da yadda take hulɗa da na'urorin da aka jona mata. Ɗalibi kan buɗe littattafan biyu gefe da gefe, yana duba lambar layi a ɗaya yana karanta bayaninsa a ɗayan.

Lasisin Bugu na Shida ya yarda a yi amfani da tushen rubutun wajen koyarwa, saboda haka raba littafin ga ɗaliban jami'ar da ke da lasisi bai saɓa doka ba. Da labarinsa ya bazu, buƙatu suka yi wa Lions yawa, har a 1978 Bell Labs ta karɓi aikin rarraba shi ga masu lasisi kaɗai.

Haramci da yaɗuwa a ɓoye

A 1979 AT&T ya fitar da Bugu na Bakwai. A lokacin kamfanin ya fahimci cewa UNIX haja ce mai kawo kuɗi, kuma yana kallon tushen rubutunta a matsayin sirrin kasuwanci. Sabon lasisin ya hana karantar da tushen a aji. Jami'o'i da yawa suka koma koyar da bayani zalla, littafin Lions kuma ya yi wuyar samu ta halastacciyar hanya. Ɗalibai da ma'aikata suka shiga yi masa fotokwafi, wani ya kwafa daga kwafin wani har rubutun ya dusashe, kuma ta haka ya isa ƙasashe da dama.

Wannan haramci ne ya sa Andrew Tanenbaum na jami'ar Vrije da ke Amsterdam ya rubuta MINIX daga tushe, ba tare da layi ko ɗaya na AT&T ba, ya fitar da ita a 1987 tare da littafin koyarwa domin ɗalibai su samu abin karantawa bisa doka. A kan MINIX ne Linus Torvalds ya fara aikin Linux a 1991.

A 1996, bayan ƙoƙarin mutane irin su Dennis Ritchie, Peter Salus da Berny Goodheart, kamfanin Santa Cruz Operation da ke riƙe da kasuwancin UNIX a lokacin ya ba da izini, kamfanin ɗab'i na Peer-to-Peer Communications ya buga tushen da sharhin a littafi ɗaya.

Sauran ayyuka da rasuwa

Lions ya samu ƙarin girma zuwa mataimakin farfesa a 1980. Ya yi hutun bincike a Bell Labs a 1978, 1983 da 1989. Shi ne shugaban farko na ƙungiyar masu amfani da UNIX ta Ostireliya, kuma ya yi shekara shida yana editan mujallar Australian Computer Journal. Ya yi ritaya a 1995 saboda rashin lafiya. Ya ga littafinsa ya fito fili kafin ya rasu a ranar 5 ga Disamba 1998, yana da shekara 61.

Abin da ya bari

A 2002 jami'arsa ta sa wa wani lambu a harabarta sunansa, kuma a 2006 ta kafa kujerar farfesa da sunansa a fannin manyan manhajoji, wadda Gernot Heiser ya fara riƙewa. A farkon 2002 kamfanin Caldera ya saki tsofaffin bugun UNIX, har da na shida, a ƙarƙashin lasisin da ya yarda kowa ya kwafa ya raba. A 2006 malaman jami'ar MIT suka rubuta xv6, ƙaramar manhajar koyarwa da ta bi tsarin Bugu na Shida, mai tafe da nata sharhin irin na Lions. Jami'o'i da dama suna koyarwa da ita, kuma kowane ɗalibi na iya sauke ta kyauta daga intanet.