Sarki George na Shida da Yaƙinsa da In'ina

Dattawan ƙasar Katagum da suka ci kasuwar Azare kafin samun mulkin kai za su tuna da sulen da ke ɗauke da hoton Sarkin Ingila, George na Shida. Ba kowa ya san cewa mai wannan hoto ya daɗe yana fargabar buɗe baki a gaban jama'a ba.

An haife shi a Sandringham ranar 14 ga Disamba, 1895, aka raɗa masa suna Albert. Yana kimanin shekara takwas in'ina ta bayyana a bakinsa. Mahaifinsa mutum ne mai tsanani, yakan daka masa tsawa idan magana ta sarƙe. Da haka yaron ya koyi haɗa magana da jin kunya.

A watan Oktoba na 1925 ya yi jawabin rufe babban bikin baje koli na daular Ingila a Wembley. Kalmomi suka maƙale masa, dubban mutane suna sauraro. Irin wannan rana ba ta barin zuciyar mai in'ina: duk inda ya sake ganin taro ko makirufo, sai gabansa ya faɗi, wuya ya ɗaure, abin da yake tsoro ya auku. Alhali a cikin iyalinsa maganarsa takan fito da sauƙi.

A 1926 ya fara zuwa wurin Lionel Logue, wani mai gyaran magana ɗan Ostareliya. Logue ya koya masa sarrafa numfashi da sassauta jiki, ya kuma sa shi yawan gwaji har ya amince da kansa. Matarsa Elizabeth takan raka shi. Da wansa Edward ya yi murabus a 1936, sarauta ta faɗo kansa. Kafin manyan jawabai, Logue yakan sauya kalmomi masu wuya, ya sa alamar wuraren tsayawa. Ranar 3 ga Satumba, 1939, Sarki ya yi wa daularsa jawabin shiga yaƙi ta rediyo, a hankali, har ƙarshe. In'inar ba ta rabu da shi sarai ba har rasuwarsa ranar 6 ga Fabrairu, 1952, amma ba ta hana shi aikinsa ba.

Masana a yau sun gano cewa tushen in'ina yana cikin gado da yadda ƙwaƙwalwa ke tsara magana. Tsoro ba shi ke haifar da ita ba, sai dai yana rura ta. A nan ne hakkin iyaye yake. Littafin Fitowa ya nuna mana cewa Musa ma ya koka da nauyin baki, Allah kuwa bai fasa aikensa ba. In yaronku yana in'ina, kada ku yi masa tsawa, kada ku ƙarasa masa magana, kada ku bar 'yan'uwansa su kwaikwaye shi. Ku saurare shi da haƙuri har ya gama.