Huzaifa bn Yaman: Ɗan Leƙen Asirin da Ya Riga Maƙiyi Tambaya

Idan aka yi zancen 'yan leƙen asiri, hankalin yawancinmu yakan tafi ne ga irin su James Bond da aka saba gani a silima, mutumin da ba ya rabo da bindiga, ba ya kuma barin wuri sai ya bar gawa. Amma wanda ya bibiyi tarihi zai tarar cewa waɗanda suka yi wannan aiki na gaske, sau da yawa abin da ya fisshe su bai wuce kaifin hankali da iya riƙe kai ba. Saboda haka a wannan fitowa, 'yan uwa tsofaffin ɗalibai, za mu waiwayi rayuwar wani bawan Allah wanda ya shiga tsakiyar rundunar mutum dubu 10 shi kaɗai cikin dare, ya zauna da su, ya ji sirrinsu, ya fito lafiya ba tare da ya harba kibiya ko ɗaya ba. Wannan mutum kuwa shi ne Huzaifa bn Yaman (R.A.), sahabin da aka fi sani da laƙabin ma'ajin sirrin Manzon Allah (S.A.W.).

Asalinsa daga ƙabilar Abs yake. Sunan mahaifinsa na yanka Husailu. Wata rigimar jini ce ta raba Husailu da danginsa, ya gudu Yasriba, watau Madina, ya ƙulla ƙawance da Banu Abdul Ashhal, ya kuma yi aure a cikinsu. Da yake mutanen nan tushensu daga Yaman ne, sai aka riƙa kiransa Al-Yaman, har laƙabin ya danne sunan. Da shi da ɗansa Huzaifa duk sun karɓi Musulunci tun da wuri.

Abubuwa biyu sun faru da Huzaifa kafin daren da ya yi suna, kuma duk wanda yake son ya fahimci halinsa sai ya fara da su. Na farko, a shekara ta 624, gab da yaƙin Badar, Ƙuraishawa sun kama shi da mahaifinsa a hanya, ba su sake su ba sai da suka ɗauki alkawarin cewa Madina za su wuce, ba za su shiga yaƙin ba. Da suka isa wurin Annabi (S.A.W.) suka ba shi labari, sai ya umarce su da su cika alkawarin, alhali kuwa a ranar Musulmi ba su wuce ɗari 3 da 'yan kai ba, suna bukatar kowane hannu. Haka Huzaifa ya rasa halartar Badar, ya kuma koyi cewa alkawari kaya ne, ko da maƙiyi aka yi wa shi.

Na biyu ya fi ciwo. A yaƙin Uhudu, cikin 625, an bar Al-Yaman a cikin gari tare da mata da yara saboda tsufa, shi da wani dattijo mai suna Sabitu bn Waƙshi. Tsofaffin nan biyu suka kasa zama, suka ɗauki takubbansu suka nufi fagen fama a daidai lokacin da al'amura suka rikice. Mushirikai suka kashe Sabitu. Shi kuwa Al-Yaman takubban Musulmi ne suka same shi bisa kuskure, Huzaifa yana kururuwa yana faɗa musu mahaifinsa ne, amma kafin a ankara aikin gama ya gama. Huzaifa ya nema wa waɗanda suka yi kisan gafara, da aka zo ba shi diyya kuma ya mayar da ita sadaka ga Musulmi. Mutumin da ya iya danne zuciyarsa a irin wannan rana, lalle ana iya aikensa inda fushi zai ɓata aiki.

A shekara ta 627, watau ta 5 bayan Hijira, aka yi wa Madina taron dangi. Ƙuraishawa ƙarƙashin Abu Sufyan, da Gaɗafan, da wasu ƙabilun Larabawa, suka haɗa runduna ta kimanin mutum dubu 10, Musulmi kuwa ba su fi dubu 3 ba. Bisa shawarar Salmanul Farisi aka haƙa gwalalo ta arewacin gari, inda nan ne kaɗai dawaki za su iya kutsowa, shi ya sa ake kiran yaƙin da sunan Handaƙ. Maharan suka tarar da abin da ba su saba gani ba, suka yada zango suka yi wa garin ƙawanya har kusan wata guda. Abinci ya yi ƙaranci a Madina, munafukai suka fara sulalewa da hujjar gidajensu ba tsaro, sa'an nan ga labari ya zo cewa Banu Ƙuraiza, waɗanda ke zaune ta bayan Musulmi, sun warware yarjejeniya.

Ana cikin haka wani mutumin Gaɗafan, Nu'aimu bn Mas'ud, wanda ya musulunta a ɓoye, ya shiga tsakanin maƙiyan. Ya shawarci Banu Ƙuraiza kada su yi yaƙi sai Ƙuraishawa sun ba su wasu manyansu a matsayin jingina, ya kuma zagaya ya gaya wa Ƙuraishawa da Gaɗafan cewa za a nemi mutanensu ne don a miƙa su ga Musulmi. Da bukatar jinginar ta zo, kowane ɓangare ya ga maganar Nu'aimu ta tabbata, zargi ya shiga tsakaninsu. Daga nan sai wata iska mai tsananin sanyi ta taso cikin dare, tana tumɓuke tantuna, tana kifar da tukwane, tana kashe wuta.

To, a nan fa aka bukaci labari. Shin maharan nan shirin tafiya suke yi, ko kuwa shirin afkawa ta ƙarshe? Amsar wannan tambaya ita za ta nuna ko mutanen da yunwa da sanyi suka galabaitar za su ci gaba da kwana a bakin gwalalo. Annabi (S.A.W.) ya nemi wanda zai je ya gano, har sau uku, ba wanda ya motsa, saboda tsoro da yunwa da sanyi sun kai inda suka kai. Sai ya kira Huzaifa da sunansa, ya umarce shi ya shiga cikin mutanen ya ga abin da suke ciki, kada kuma ya yi wani abin da zai tayar da su har ya dawo. Huzaifa da kansa ya ba da labarin cewa ba don an ambaci sunansa ba da bai tashi ba, kuma da ya kama hanya sai sanyin ya sake shi, ya ji kamar a cikin ɗumi yake tafiya.

Ya tsallaka, ya saje da duhu, ya shiga sansanin Ƙuraishawa ya sami wuri ya zauna a cikinsu. Abu Sufyan kuwa tsohon hannu ne a sha'anin yaƙi da fatauci, ya san irin wannan dare shi ne daren 'yan leƙen asiri. Saboda haka kafin ya buɗe baki ya faɗi abin da ke ransa, sai ya ba da umarni kowa ya bincika ya san wanda ke zaune kusa da shi.

Mai karatu ya auna wannan hali. Mutum ɗaya ne a tsakiyar dubbai masu takubba da masu. In ya tashi da gudu ya tona kansa. In ya zare makami, kafin ya sari ɗaya goma sun sare shi. In ya yi shiru aka tambaye shi, ko dai ya faɗi sunansa a kashe shi, ko ya ƙago wani suna, muryarsa ko rashin sanin dangi su ba da shi. Lokacin da yake da shi bai wuce ƙiftawar ido ba. Abin da Huzaifa ya yi shi ne, tun maganar Abu Sufyan ba ta gama sauka ba, ya yi wuf ya cafke hannun mutumin da ke gefensa, ya tambaye shi ko shi wane ne. Mutumin ya faɗi sunansa da na ubansa, Huzaifa ya sake shi, magana ta ƙare.

Dabarar tana da sauƙin faɗa, amma akwai sanin halin ɗan Adam a cikinta. Duk wanda aka riƙe aka tuhuma, hankalinsa yakan koma ne ga wanke kansa, da zarar an sake shi kuwa sai ya ji sanyi a ransa, ba ya tuna cewa shi ma yana da hakkin tambaya. Haka nan wanda ya fi kowa saurin bin umarnin shugaba, ba a kawo shi cikin waɗanda ake zargi. Ga shi kuma rundunar haɗin gambiza ce, ƙabilu dabam-dabam da ba su gama sanin juna ba, ga duhu, ga iska tana kaɗa ƙasa a ido. Tarkon da Abu Sufyan ya ɗana don kama baƙo, shi Huzaifa ya mayar abin fakewa. Gaskiyar Bahaushe da ya ce hankali ke gani, ido gululu ne.

Da Abu Sufyan ya natsu cewa ba bare a wurin, sai ya fasa ƙwai. Ya shaida musu cewa wurin nan ba na zama ba ne, dawaki da raƙuma suna mutuwa, Banu Ƙuraiza sun saɓa musu, iska kuma ta hana su girki da wuta da tanti, don haka kowa ya ɗaura kaya, shi kam ya tafi. Saboda gaggawa ma ya hau raƙuminsa yana ɗaure, dabbar ta miƙe da ƙafa uku kafin a kwance dabaibayin.

A daren nan Huzaifa ya ci wata jarrabawar da ta fi ta farko wuya. Ya ga Abu Sufyan a fili yana jin ɗumin wuta, har ya ɗora kibiya a baka, kuma ya tabbata in ya saki ba zai kuskure ba. Sai ya tuna umarnin da aka ba shi, ya mayar da kibiyar cikin kwari. Da ya harba, wataƙila da mutanen da ke shirin watsewa sun sami dalilin haɗa kai don ɗaukar fansa, labarin da aka aike shi ya kawo kuma da ya mutu tare da shi. Sai ya koma ya tarar da Annabi (S.A.W.) yana salla, ya jira ya idar ya ba shi rahoto, aka lulluɓe shi da gefen mayafi ya yi barci har asuba. Gaɗafan da suka ji Ƙuraishawa sun tashi, su ma suka bi sahu. Gari ya waye fili fetal, kuma tun daga ranar Ƙuraishawa ba su sake kawo wa Madina yaƙi ba.

Bayan shekara uku, a kan hanyar dawowa daga Tabuka cikin 630, wasu mutane da suka rufe fuskokinsu suka yi yunƙurin tunkuɗe taguwar Annabi (S.A.W.) a wani ƙunci na dutse cikin dare. Huzaifa da Ammar bn Yasir ne ke tare da taguwar, aka kori mutanen. Annabi (S.A.W.) ya sanar da Huzaifa sunayen munafukan, ya kuma nemi ya ɓoye. Ya ɓoye ɗin har ya koma ga Allah. Halifa Umar, duk da kwarjininsa, bai iya karɓar sunayen daga bakinsa ba, sai dai in an yi rasuwa ya duba ko Huzaifa ya halarci jana'iza, in bai gan shi ba shi ma ya janye. Ciki dai ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. An kuma san shi da cewa yayin da sauran sahabbai ke tambaya game da alheri, shi game da sharri yake tambaya, don gudun kada ya faɗa ciki bai sani ba.

A zamanin Umar aka ga amfanin wannan hali a aikin hukuma. Shi da Salmanul Farisi aka aika suka zaɓi wurin da aka kafa birnin Kufa a 638, bayan iskar Mada'in ta ƙi karɓar sojojin Larabawa. Shi da Usman bn Hunaif aka ɗora wa auna gonakin Iraƙi don tsayar da haraji. A yaƙin Nahawand na 642, da aka kashe kwamanda Nu'umanu bn Muƙarrin, shi ya karɓi tuta, aka ɓoye mutuwar kwamandan har aka ci nasara a kan Farisawa. Da aka naɗa shi gwamnan Mada'in, tsohuwar hedkwatar sarakunan Farisa, a kan jaki ya shiga garin da guzurinsa a hannu, kuma masu tarihi sun ce yadda ya tafi haka ya dawo, bai tara komai ba.

Rahotonsa mafi girma kuwa a zamanin Halifa Usman ya kai shi. Yana cikin yaƙin Armeniya da Azarbaijan ya lura sojojin Sham da na Iraƙi suna jayayya a kan ƙira'ar Alƙur'ani, kowa yana ganin tasa ce daidai. Ya hango inda abin zai kai, ya garzaya Madina ya faɗakar da halifa. Usman ya karɓo takardun da ke wurin Hafsa, ya kafa kwamiti na Zaidu bn Sabit da wasu Ƙuraishawa uku, aka kwafi mus'hafi ɗaya aka rarraba wa manyan birane.

Huzaifa ya rasu a Mada'in a shekara ta 656, watau ta 36 bayan Hijira, jim kaɗan bayan kisan Halifa Usman. Kabarinsa yana garin Salman Pak, kudu da Bagadaza, kusa da na abokin aikinsa Salman.

'Yan uwa, a cikinmu akwai soja da ɗan sanda, akwai alƙali da akawu da malamin makaranta, kuma kowannenmu akwai ranar da za a aike shi wurin da ƙarfi ba zai fisshe shi ba, ko a ba shi ajiyar maganar da in ta fita za ta rusa wani. Saurin dabarar Huzaifa ya kuɓutar da ransa a daren Handaƙ, amma mayar da kibiyar nan cikin kwari shi ya sa aiken ya yi amfani, kuma saboda an san yana iya yin haka aka kira sunansa tun farko. Ƙannenmu da ke makaranta yanzu suna da wayo, ba a musu. Abin da ya rage a kanmu shi ne mu nuna musu, a aikace, yadda ake haɗa wayon da riƙon amana. Allah Ya ƙara masa yarda, mu kuma Ya sa mu gama da duniya lafiya, amin.