Bubu Hama, mai tara kayan kakanni

Ƴan'uwa na gida da na ci-rani, tunda muna shawarar buɗe ɗakin tarihi a garinmu, mu tuna da marigayi Bubu Hama.

An haife shi a 1906 a Foneko, ƙauye kusa da Tera. Ya yi karatu a lakwal William Ponty ta Senegal, ya fito malamin makaranta a 1929. Ya shugabanci majalisar dokoki daga 1958 har 1974, sa'adda soja sunka kifar da gwamnatin Jori Hamani, sunka tsare shi. Ya rasu a Yamai a 1982.

Mulki ya wuce, abin da ya tara yana nan. Ya bi malamai yana neman tsofaffin littattafan Larabci da ajami, ya rubuta tarihin Gobir da Sakkwato. Da ƙoƙarinsa anka kafa gidan tarihi na Yamai a 1959, wanda yau ke ɗauke da sunansa.

Mu ma muna da takubba, da kwari da baka, da allunan kakanni. Gara na cin wasu, dillalai na saye wasu da araha. Kowane gida ya kawo nasa, samari su rubuta labarinsa tun dattawan da sunka san shi na raye. Allah ya jiƙansa.